Yadda Mai Ciki Za Ta Yi Tausar Gaba Don Rage Ƙari da Ɗinki Wajen Haihuwa

Duk macen da aka taɓa yi wa ƙari a ɗakin haihuwa, wato yankan da ake yi a gaba don buɗa wa jariri hanya, ta san wahalar ba ta ƙarewa ranar da jariri ya faɗo. Ga zama da ɓari ɗaya, ga fargabar shiga banɗaki, ga ruwan zafi safe da yamma, ga tsoron kada ɗinki ya warware kafin suna. Mai cikin fari tana jin labarin a bakin yayyenta da ƙawayenta, sai ta ɗauka abu ne da ba makawa. Alhali akwai ɗan shirin da za ta iya yi da hannunta a ɗakinta cikin makonnin ƙarshe, wanda ke rage yiwuwar a kai ga almakashi, wato tausar fatar da ke tsakanin farji da dubura. Abin da ya fi damuna shi ne mace takan yi ta zuwa awo tun ciki na wata huɗu har ta haihu ba wanda ya taɓa ambata mata wannan. Layi ya yi tsawo, ma'aikata kaɗan ne, a duba jini, a auna ciki, a ba da magani, sai wata mai zuwa.

Wannan 'yar fata ita ce take shan miƙewa idan kan yaro ya taho. Ƙungiyar likitocin mata ta Birtaniya ta ce a cikin mata 10 masu haihuwar fari ta gaba, har 9 kan samu ƙaruwa, ko ƙujewa, ko a yi musu ƙari. A 2013 cibiyar Cochrane, mai nazarin binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje 4 da aka yi a kan mata 2,497, aka ga idan mata 15 suka yi tausar, ɗaya takan tsira daga ɗinkin da da za a yi mata, kuma amfanin ya fi fitowa ga waɗanda ba su taɓa haihuwa ta gaba ba. A nan gida ma an gwada. A asibitin koyarwa na Jami'ar Najeriya da ke Enugu an bi masu cikin fari 108, aka wallafa sakamakon a 2018: kusan rabin waɗanda suka yi tausa sun haihu ba ƙari ba ƙaruwa, a cikin waɗanda ba su yi ba kuwa ko kashi ɗaya cikin uku ba su kai ba. Wannan ba alƙawari ba ne, 'yar uwa. Yaro zai iya zuwa da girma, ko ya taho da sauri, ko ya galabaita har dole a buɗa masa hanya. Amma abin da ba ya cin kuɗi, kuma yake rage wahala ko yaya, bai kamata a ɓoye wa mata shi ba.

Na san abin da yake hana da yawa karɓa ko sun ji. Na farko kunya, musamman a cikin fari, inda yarinya ko cikin ma ba ta iya ambata a gaban manya. Na biyu ya fi nauyi: tsoron buɗewa. Mun taso ana ta maganar matsi, don haka da an ce a miƙar da wurin sai gaban mace ya faɗi. Ki kwantar da hankalinki. Tausar tana sa fata ta yi laushi ne, ke kuma ki saba da jin miƙewar, ba ta barin mace a buɗe, kuma wancan bincike na Cochrane bai ga wani bambanci a jin daɗin auratayya bayan haihuwa ba tsakanin masu yi da waɗanda ba su yi ba. Abin da yake ɓata wa mace zaman aure shi ne ƙaruwa mai zurfi da tabon ɗinkin da bai warke da kyau ba. Kuma wannan tausa ba ta da wata alaƙa da yankan gishiri. Babu aska, babu reza, babu jini. Yankan gishiri yana cikin abubuwan da suke jefa mata a yoyon fitsari, kada ki yarda kowa ya kusance ki da shi da sunan buɗe hanya.

Mataki na farko: ki tambaya a wajen awo

Ana farawa ne daga mako na 35, wato wajen ƙarshen wata na takwas. Kafin nan ki gaya wa ungozomar asibiti ko likita kina son farawa, su duba katinki. Kada ki yi idan kina ganin jini, ko hoto ya nuna mabiyiya ta zauna ƙasa ta tare bakin mahaifa, ko faya ta fashe, ko an ɗaure miki bakin mahaifa, ko an ce naƙuda na neman tasowa kafin lokaci. Haka nan idan kina fama da ƙaiƙayi, ko ruwa mai wari, ko ƙuraje a gaba, sai an yi magani kin warke tukuna, don tausa za ta iya yaɗa cutar. Wadda aka yi wa kaciya ko wani yanka a baya ta faɗa wa likita ƙarara, shi zai duba tabon ya ce a yi ko a bari.

Mataki na biyu: mai da hannu

Man zaitun mai kyau ko man kwakwa marar ƙamshi ya wadatar, ko kuma irin man santsi na ruwa da ake sayarwa a kemis, kamar K-Y Jelly. Ki zuba kaɗan a ƙaramin mazubi mai tsabta, kada ki riƙa tsoma hannu a kwalba. Ban da basilin, ban da man jarirai, ban da man zafi, miski, turare, da duk wani haɗi na kayan mata. Fatar wurin tana da taushi a wannan lokaci, abu kaɗan yake ƙona ta. Ki yanke farce ki goge kaifinsa, ki yi fitsari, ki wanke hannu da sabulu. Idan kin yanka barkono ko attaruhu ranar, ki bari sai gobe.

Mataki na uku: zama

Bayan wanka da ruwan ɗumi ya fi, lokacin jiki ya saki. Ki rufe ƙofa, ki jingina da filo biyu ko uku a kan gado, ki lanƙwasa gwiwoyi ki buɗe ƙafa. Idan ciki ya tare miki hanya, ki tsaya ki ɗora ƙafa ɗaya a kan kujera 'yar tsugunno, ki dafa bango, ki zagayo da hannu ta baya. Kada ki kwanta a rigingine, nauyin ciki zai iya sa miki jiri. Ƙaramin madubi yana taimakawa a karon farko.

Mataki na huɗu: tausar kanta

Nan ne aikin yake, ki bi shi a hankali. Ki shafa mai a manyan yatsunki da kuma fatar ta waje. Ki shigar da babban yatsa ɗaya, ko duka biyun idan hannu ya kai, cikin farji kamar santimita 3 zuwa 4, wato ki ɗan wuce gaɓar farko kawai. Sauran yatsun su zauna a waje. Sai ki danna ƙasa, ta wajen dubura, kina ɗan ja zuwa gefe da gefe, har ki ji fatar ta miƙe da ɗan zafi-zafi kamar raɗaɗi. Ki tsaya a nan, ki riƙe kamar minti ɗaya.

Wannan mintin shi ne rabin amfanin tausar. Jiki zai so ya ɗaure, ke kuma ki ja numfashi ta hanci, ki sake shi a hankali ta baki, ki saki muƙamuƙi, ki saki ƙugu. Irin raɗaɗin nan ne za ki ji, ninki-ninki, sa'ad da kan yaro ya cika ƙofa, kuma macen da ta saba sakin jiki a kansa ta fi iya sauraron ungozoma idan ta ce "dakata da nishi, yi haki kawai", maimakon ta yunƙura da ƙarfi ta yage.

Daga nan ki ɗauki bakin farji kamar fuskar agogo, ƙarfe 6 tana ƙasa wajen dubura. Ki riƙa zagayawa da yatsa daga ƙarfe 3 ki bi ta 6 ki kai 9, ki dawo, kina dannawa daidai yadda za ki iya jurewa, na minti biyu zuwa uku. Kada ki hau sama wajen ƙarfe 12, can ƙofar fitsari take, gurzarta na iya jawo ciwon fitsari. Ki huta, ki maimaita sau biyu. Duka-duka minti biyar zuwa goma ne. Sai ki wanke da ruwa zalla, ki tsane.

Makon farko ya fi ciwo, daga baya za ki ji wurin yana ba da kai. Miƙewa da ɗan raɗaɗi daidai ne. Ciwo mai tsanani, jini, zubar ruwa, ko ciwon mara mai zuwa yana dawowa, waɗannan kuwa ki tsaya nan take ki nufi asibiti.

Sau nawa? Binciken ya nuna ko sau ɗaya ko biyu a mako yana da amfani, wasu asibitoci kuma suna cewa sau uku ko huɗu. Ki zaɓi ranakun da za ki iya riƙewa har ki haihu. Mai azumi ta bari sai dare.

Idan hannunki bai kai ba

A wata na tara wasu ko ƙafarsu ba sa gani. Maigida zai iya yi miki, in kin yarda kuma ya fahimci cewa jinya ce. Shi da yatsu manuniya zai yi, farce a yanke, hannu a wanke, kuma ke ce mai cewa ƙara ko tsaya. Malam, idan kai ne kake karanta wannan, ka sani ɗinkin da za ka taimaka a kauce masa makonni yake hana iyalinka zaman kirki. Wadda za ta tafi goyon ciki gidan iyaye kuwa ta koyi yi da kanta tun kafin ta tafi.

Ranar naƙuda ki gaya wa ungozoma kin yi tausa. Ka'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 sun hana yi wa kowace mace ƙari haka kawai don ana ganin haihuwar fari ce, kuma sun amince da dafa wurin da tsumma mai ɗumi, da tausa, da tallafe shi da hannu yayin da kai yake fitowa. Kina da ikon roƙon a yi miki waɗannan, da kuma a faɗa miki dalili idan ƙari ya zama dole. Ki faɗa tun ana karɓar katinki, kafin ciwo ya hana ki magana, kuma ki sanar da wadda ta rako ki don ta tuna musu.