Neman Gurbi a Jami'o'in Amurka: Inda Tura Takarda da Wuri Ke Amfani da Inda Ba Ya Ƙara Komai

Shafin Common App, wanda jami'o'i sama da 1,000 ke karɓar takardun neman gurbi ta cikinsa, yana buɗewa ranar 1 ga Agusta. Ɗalibai da yawa sun ɗauka wanda ya riga turawa shi za a fara ba gurbi. A yawancin manyan jami'o'i ba haka abin yake ba. In wa'adi 1 ga Janairu ne, da wanda ya tura a Satumba da wanda ya tura a ƙarshen Disamba duk tare za a yanke musu hukunci, kuma rana ɗaya amsa za ta fito, wajen ƙarshen Maris. Zagayen neman da ka shiga, na wuri ko na gama-gari mai wa'adin Janairu, shi ke canza lissafi. Saboda haka kafin komai, ka buɗe shafin kowace jami'a ka ga tsarin da take bi.

Masu ɗauka bi-da-bi

A nan ne kaɗai ranar turawa ita kanta take da tasiri. Jami'o'i irin su Pittsburgh da Arizona State suna duba takarda da zarar ta kammala, su ba da amsa cikin 'yan makonni. Kullum gurabe raguwa suke yi, musamman a fannonin da ake rububi kamar injiniya, aikin jinya da kimiyyar kwamfuta. Kuɗin tallafi da ɗakunan kwana ma haka. Ka tura a Satumba ko Oktoba. Amma ka lura, ba a fara dubawa sai komai ya iso, wato takardar sakamakon sakandare, makin jarrabawa in ana buƙata, da kuɗin nema. Wanda ya cike fom a Satumba amma makarantarsa ba ta aika sakamako ba sai Disamba, ɗan Disamba ne.

Zagayen alkawari

A shafukan jami'o'i za ka ga an taƙaita shi da ED, wato Early Decision. Wa'adinsa yawanci 1 ko 15 ga Nuwamba, amsa kuma tsakiyar Disamba. Jami'a ɗaya tak za ka nema ta wannan hanya. Kai da mahaifi ko mai riƙonka da jami'in ba da shawara na makarantarku duk za ku sa hannu cewa in an ɗauke ka za ka je, ka kuma janye sauran takardunka. Columbia, Penn, Brown, Cornell, Dartmouth, Duke da Northwestern duk suna da shi. Wasu, kamar NYU da Chicago, suna da karo na biyu a farkon Janairu, amsarsa a Fabrairu.

Wannan zagaye yana ƙara sa'a, kuma dalilin a fili yake: jami'a na son ɗalibin da ta tabbata zai zo. A zagayen gama-gari sai ta ɗauki mutum biyu ko uku don cike kujera ɗaya, domin wasu za su tafi wani wuri. Binciken da Christopher Avery da abokan aikinsa suka wallafa a 2003 ya kiyasta cewa a manyan jami'o'i nema da wuri ya yi daidai da ƙarin maki kusan 100 a SAT, jarrabawar shiga jami'a a Amurka. Binciken ya kwana biyu, amma dalilin da ya haifar da ribar yana nan.

Sai dai alƙaluman da ake yaɗawa suna kambama ribar. A wannan zagaye ne ake shigo da 'yan wasan da masu horarwa suka riga suka zaɓa, da 'ya'yan tsofaffin ɗalibai a inda har yanzu ake fifita su, da yaran makarantun da ke da ƙwararrun masu shirya takardu. In an cire waɗannan, tazarar tana raguwa sosai. Nema da wuri yana taimakon wanda dama ya kai ma'aunin jami'ar. Wanda makinsa ke ƙasa da na mafi yawan waɗanda ake ɗauka, amsar "a'a" kawai zai samu da wuri.

Kana iya yin lissafin da kanka. Jami'o'i da yawa suna wallafa wani kundi mai suna Common Data Set. Sashe na C1 yana ba da jimillar masu nema da waɗanda aka ɗauka, C21 kuma na zagayen alkawari. A ce mutum 30,000 suka nema aka ɗauki 3,000, wato kashi 10 cikin 100. In 4,000 daga cikinsu 'yan alkawari ne aka ɗauki 1,000, nasu kashi 25 ke nan. Sauran 26,000 su ke kokawa a kan gurbi 2,000, bai kai kashi 8 ba. Wannan adadi na ƙarshe shi ne wanda zai shafe ka in ka jira Janairu, kuma ba kasafai ake sa shi a talla ba.

Maganar kuɗi kafin sa hannu

Wanda ya ɗaure kansa da jami'a ɗaya ya rasa damar jera tayin tallafi uku ko huɗu ya zaɓi mafi sauƙi. Damuwa a kan cewa tsarin nema da wuri yana fifita masu hali ce ta sa Harvard da Princeton suka sanar da soke shi a 2006, kafin su dawo da wanda ba ya ɗaure ɗalibi a 2011. Kafin ka sa hannu, ku zauna da iyaye ku cike ma'aunin kiyasin kuɗi da ke shafin jami'ar, ka adana sakamakon. Fom ɗin neman tallafin kuɗi na CSS Profile ka tura shi a wa'adin zagayen alkawari, kada ka bar shi sai Janairu. In tallafin da aka ba ka bai isa ba, ana sakin ɗalibi daga alkawarin, amma sai ka fara tuntuɓar ofishin tallafi a rubuce. Karya alkawari haka kawai na iya sa a janye gurbin.

Ɗalibin ƙasar waje ya ƙara duba abu ɗaya. Jami'o'i kaɗan ne, kamar Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst, ba sa la'akari da buƙatarsa ta kuɗi wajen ɗauka. A sauran, neman tallafi mai yawa yana rage sa'a ko a wane zagaye.

Nema da wuri ba tare da alkawari ba

Wannan shi ake taƙaitawa da EA, wato Early Action. Ka tura a Nuwamba, ka ji amsa a Disamba ko Janairu, kana da har 1 ga Mayu kafin ka biya kuɗin kafin alƙalami. Ribarsa wajen ɗauka ƙarama ce, a wasu wuraren ma babu, tunda jami'a ba ta da tabbacin za ka zo. Amfaninsa shi ne guraben tallafi na hazaƙa, waɗanda da yawansu ke rufewa tsakanin 1 ga Nuwamba da 1 ga Disamba. Harvard, Yale, Princeton da Stanford suna da nasu mai sharaɗi: ba su tilasta maka zuwa, amma sun hana ka shiga zagayen nema da wuri na sauran jami'o'i masu zaman kansu. Sharuɗɗan sun ɗan bambanta, ka karanta na kowace.

Jami'o'in da ke ƙarƙashin tsarin Jami'ar Kalifoniya, irin su Berkeley da UCLA, ba su da zagayen wuri sam. Wa'adinsu ƙarshen Nuwamba ne ga kowa.

Wanda ya kamata ya jira

Mai nema da wuri ana auna shi ne da sakamakonsa har zuwa ajin kusa da na ƙarshe. In makinka bana ya fara hawa, ka bari a ga sakamakon zangon farko na ajin ƙarshe. Haka in za ka sake SAT: zaman Oktoba ne na ƙarshe da za ka dogara da shi don wa'adin 1 ga Nuwamba, domin sakamako yakan ɗauki kamar mako biyu. Insha'in Common App iyakarsa kalma 650, kuma da ka danna turawa ga jami'a ba ka iya gyara shi a wurinta. Insha'in da aka rubuta a dare biyu don a cim ma Nuwamba, nan ne sauri ke haifar nawa.

In ka yanke shawarar shiga, ka roƙi malamai biyu wasiƙar shaida aƙalla wata ɗaya kafin wa'adi, ka yi jarrabawar Turanci ta TOEFL ko IELTS tun Satumba in ana buƙata, ka tura kwana uku kafin ranar saboda shafi kan yi nauyi a daren ƙarshe. Bayan turawa jami'a za ta ba ka shafin bibiya, ka riƙa leƙawa har kowace takarda ta nuna ta iso.

Kada ka dakatar da sauran takardunka kana jiran amsa. Tsakanin tsakiyar Disamba da 1 ga Janairu mako biyu ne kacal, makarantu kuma suna hutu. In aka ɗage takardarka zuwa zagayen gama-gari, alkawarin ya warware. Ka aika sabon sakamakonka da gajeriyar wasiƙa guda ɗaya mai bayyana abin da ya ƙaru tun Nuwamba, in jami'ar tana karɓa. In kuma an ƙi ka kai tsaye, yawancinsu ba sa barin a sake nema a shekarar, sai ka duba ko jami'arka ta biyu tana da karo na biyu na zagayen alkawari a Janairu.