Rumbun tsimi a majami'a: yadda muke tara gero a kaka don unguwa ta ci a marka

Tun kakar 2016 nake riƙe da ɗaya daga cikin makullan ɗakin hatsin majami'armu a nan Damagaram. Duk taron zumuntar mata da na je, sai wata ta ja ni gefe ta ce, "Mama, yaya kuke yi?" Na gaji da bayani a tsaitsaye, shi ya sa na zauna na rubuta. Mu ba mu da yawa, ba mu da wani bature a bayanmu, kuma gero mafi yawa da muka taɓa tarawa a shekara ɗaya buhu 23 ne. Idan ikilisiyarku ta kai gida goma, za ku iya.

Kafin ku sayi ko tiya ɗaya, ku zauna ku warware gardamar da tabbas za ta taso. A wurinmu wani dattijo ne ya tayar da ita, mutumin kirki, ya riga mu gidan gaskiya. Ya ce ajiya rashin bangaskiya ce, ai Yesu ya ce mu dubi tsuntsaye, ba su shuka, ba su girbi, ba su da rumbu. Ban iya ba shi amsa a gaban maza ba, sai da na bi shi gida da yamma na ce, "Baba, to Yusufu fa?" A Farawa sura 41, Allah ne ya nuna yunwar tun ba ta zo ba, kuma shawarar da Yusufu ya bayar ita ce a ware kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona har shekara bakwai. Da yunwar ta zo, ba Masarawa kaɗai suka ci ba, daga ƙasashe aka yi ta zuwa awo. Mai arzikin nan na Luka sura 12 shi ma ya gina rumbuna, amma wa ya tuna da ya gama? Kansa kaɗai. Baba ya yi shiru, can ya ce, "To, a rubuta wa za a bai wa tun yanzu, kada rumbun ya zama namu." Wannan maganar tasa ita ce dokarmu ta farko.

A nan ne aka yi ta sa-in-sa. Duk Kiristan Zinder ya san abin da ya faru ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, da aka bi majami'u ana cinna musu wuta. Ciwon bai warke ba lokacin da muke wannan shawara. Wasu suka ce ƴan ikilisiya kawai, sauran su je inda suke zuwa. Ni kuwa ranar nan a ɗakin maƙwabciyata Musulma ƴaƴana suka kwana, ita ta rufa musu zanenta, mijinta ya zauna a bakin zaure har gari ya waye. Da wace fuska zan auna gero in tsallake ƙofarta? Tun 1924 masu bishara suka sauka a garin nan, sama da shekara ɗari ke nan, har yau mu ƴan kaɗan ne cikin jama'a, pampo ɗaya muke bin layi, ga-ruwa ɗaya ke kawo mana ruwa in pampon ya ɗauke. Muka tsaya a kan Galatiyawa 6:10, a yi wa kowa alheri, musamman iyalin masu bi. Abin da muka ɗauka daga ayar shi ne, gwauruwar ikilisiya ba za ta kwana da yunwa ba, amma ba a tambayar kowa addininsa a bakin ɗakin hatsi.

Tara hatsin ya fi sauƙi. Ranar godiyar kaka, masu gona su kawo dami ko tiya, masu albashi su kawo kuɗi a ambulan daban, kada a gauraya da baikon Lahadi. Sai wata dabara da mata suka ɓullo da ita: duk sa'ad da za ki yi surfe, ki ɗebi cikin tafin hannu ɗaya ki zuba a gwangwani, ranar zumunta ki kawo. Ba ya rage tuwon kowa, amma mata ashirin in sun dage, kafin shekara ta zagayo buhu ya cika har da ɗori.

Kuɗin da aka tara kada su kwana. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba ne sabon gero ke cika kasuwa, farashi ya faɗi. Abin da jikka guda ta saya a Nuwamba ba za ta saya a Agusta ba, kuma wanda ya ga 2005, bayan fari da fara sun cinye damanar 2004, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Za a samu a Kasuwar Dole, ranar Alhamis ta fi cika, amma kasuwannin ƙauye sun fi araha ko da an haɗa da kuɗin mota. Ta Mirriya tana kusa, sai dai ranar Lahadi take ci, don haka masu sayayya sukan halarci sujada su wuce daga nan. Ku aika mutum biyu, kada ɗaya, kuma cikin biyun a sa mace. Ba raini ba ne, maza da yawa ba su san gero ba sai a cikin kwano.

Ku tafi da tiyarku. Buhun kilo 100 tiya arba'in ne a lissafi, tiya kuwa kusan kilo biyu da rabi, amma ta mai saye da ta mai sayarwa ba su cika zama ɗaya ba. Ku sa a juye buhun a kan tabarma a gabanku, don ana iya sa mai kyau a baka a ɓoye yashi da ƙaiƙayi a gindi. Ki ɗauki ƙwaya ki ciza: in ta fashe ƙas, ta bushe, in ta lotsa a haƙori, da sauran danshi, a shanya ta kwana biyu ko uku kafin a ɗinke. Shekararmu ta biyu mun yi gaggawa mun ɗinke buhu biyu da ɗanyen gero, da muka buɗe a Yuni warin fumfuna ne ya tarbe mu, ko awaki sai da suka yi ta shinshina.

Ɗakin ajiya ba sai babba ba, amma kada ya yi yoyo. Wanda ya ga ruwan 2024, da har tsohon masallacin Birni na ƙasa ya rushe a watan Satumba, ya san ginin ƙasa ba a yi masa sakaci. A yi yaɓe tun bazara, a duba indararo, in rufin kwano ne a toshe ramukan ƙusa. Buhu ba ya taɓa ƙasa, ba ya jingina da bango. A jera bulo, a ɗora katako, a bar ratar da mutum zai iya zagayawa da tsintsiya, don gara da ɓera ba su son wurin da ake leƙawa. Kowane mako biyu a buɗe a duba.

Gero yana da haƙuri, wake ne ba shi da shi. In kun ce sai kun ajiye wake, kuma ya kamata don yara, ku nemi buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. A matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ƙwarin da ke ciki su mutu don rashin iska, ba tare da magani ba. Rami ɗaya ko na allura ne ya ɓata aikin, saboda haka kada a ja shi a ƙasa, kada kuma a riƙa buɗewa ana ɗiba. Ƙwayar nan mai fitar da gas da ake sayarwa a kasuwa guba ce mai kisa. Mu mun hana ta, tun da ɗakin namu bango ɗaya ne da inda mai gadi ke kwana da iyalinsa.

Kwaɗo biyu a ƙofa, makullai a hannun mutum biyu da ba gida ɗaya suke ba, na uku kuma ya riƙe littafin lissafi. Kada fasto ya riƙe ko ɗaya. Ba don ba a yarda da shi ba, don a tsare masa mutunci ne: duk mai matsala gidansa yake fara zuwa, kuma da wuya ya ce a'a. Manzanni ma da rabon abincin gwauraye ya jawo gunaguni a Ayyukan Manzanni sura 6, mutum bakwai suka sa aka zaɓa suka danƙa musu aikin. Kowace tiya da ta shiga ko ta fita a rubuta da kwanan wata. Sau biyu a shekara a karanta jimla a gaban ikilisiya, jimla kawai, ban da sunayen waɗanda suka karɓa.

Wahalar gaske tana wajen rabo. Za a fara buga muku ƙofa tun Afrilu, zafi ya yi zafi, kuma kowa da gaskiyarsa. In kuka buɗe a lokacin, ranar da aka fi bukata ɗakin wayam. Mu muna ware buhu biyu na gaggawa, don rasuwa, gobara ko jinya, sauran ba a taɓawa sai an yi shuka, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, wato Yuli da Agusta. Gida mai mutum bakwai yana cin kusan tiya ɗaya a yini in an lallaɓa, don haka buhu ɗaya kwana arba'in ne ga gida ɗaya. Ku yi wannan lissafin da idon basira, ku san ba unguwa za ku ciyar ba, gidajen da suka fi galabaita za ku tallafa su ƙetare makonni shida ko takwas.

Su waye waɗannan gidajen? Kada ku zauna a majami'a ku yi hasashe. Ku je ku gaida mai unguwa, ku gaya masa abin da kuke da shi da abin da kuke nufi, ku roƙe shi ya haɗa ku da liman. Sun san wanda ba a hura wuta a gidansa ba. Mata sun fi su sani ma: ungozoma, mai sayar da ƙosai, mai injin niƙa da ta lura wance ta kwana uku ba ta aiko da niƙa ba. Masu kunya ba su zuwa roƙo, su ne kuwa suka fi shan wuya.

Hatsin kashi uku muke yi. Tsofaffi, gwauraye, marayu da naƙasassu kyauta ne. Masu sana'ar da ta tsaya, a sayar musu a farashin da muka saya a kaka. Manoma kuma rance, tiya da tiya in an yi girbi, ba ƙari, don Littafin Firistoci 25:37 ya hana cin riba a kan abincin matalauci, maƙwabtanmu Musulmi ma ba su yarda da riba ba. Ku sani wani rancen ba zai dawo ba. Shekarar farko kusan rabi bai dawo ba, kuma abin kunya, yawancinsa a hannun namu ne. Yanzu wanda bai biya ba, ba mu kai shi ƙara, ba mu kiran sunansa, amma baɗi sai ya zo ya yi bayani a gaban mutum ukun nan kafin a sake auna masa.

Abu ɗaya da ba na sassautawa: ba wa'azi a wurin rabo, ba takarda a cikin buhu, ba hoto. Wasu matasanmu sun so su ɗauka su sa a Facebook, na ce in uwarka ce ke riƙe da kwaryar fa? Dama ana zargin Kirista da sayen mutane da abinci, to kada mu ba zargin ƙafa. Bayan magariba ake kaiwa, mata biyu, a cikin kwanon da aka rufe da faifai kamar kowane aike na maƙwabta. Wadda ta tambaye ni dalili, ina gaya mata gaskiya, saboda Yesu nake yi. Wadda ba ta tambaya ba, mu gaisa in tambayi yara in tafi. Addu'ar a ɗakin hatsi muke yin ta, mu uku, kafin a kwance bakin buhu.

Zai ƙare. Kowace shekara yana ƙarewa kafin mutane su ƙare, kuma a nan ne nake gane ko ga Allah na dogara ko ga buhunan da nake ƙirgawa. Akwai Agustan da wata tsohuwa ta zo bayan mun kakkaɓe buhun ƙarshe. Na ce, "Inna, wallahi babu," na buɗe mata ɗakin ta gani da idonta. Ban yi mata alkawarin ƙarya ba. Na ɗebo mata daga tukunyata, muka sa yaron fasto ya riƙa sauraron ranar da OPVN, hukumar gwamnati mai kula da ajiyar hatsi, za ta fito da hatsi mai rahusa ya bi mata layi, sunanta kuma ya hau kan shafin farko na shekara mai zuwa.

In ɗakin ya zama wayam, a share shi tas, a ƙone sharar nesa da ƙofa don ƙwan ƙwari na cikinta, a juya buhunan a shanya su a rana, a toshe duk ramin ɓera. Sannan a kai littafin lissafi wurin dattawa tun Satumba, don su sa ranar godiyar kaka kafin ƴan kasuwa su riga mu zuwa ƙauye.