Kurakuran da aka fi yi da kalmar "procure"

Wani ƙanena ya turo min rahoton da ya rubuta wa ogansa a ofis, ya ce in duba masa kafin ya miƙa. A ciki ya rubuta "I procured two biros". Na ce masa, "Kai, me ya hana ka cewa bought?" Ya ce ai wannan ta fi nauyi. To, nan yawancinmu muke zamewa. Mun ɗauka "procure" ita ce "buy" da ta sa babbar riga, alhali ba aikinsu ɗaya ba.

A Hausa, wadda ta fi kusa da ita ita ce "samo", ba "sayo" ba. Abin da aka yi zirga-zirga, aka bi ƙa'ida, ko aka sha wuya kafin ya zo hannu, shi ake "procure". Asibiti ya samo maganin da ya yi ƙaranci, ma'aikata ta samo taraktoci ta hanyar kwangila, mutum ya samo wa abokinsa takardar izini. Ba dole ma kuɗi ya shiga ba. Biro biyu daga shagon bakin titi kuwa, "buy" ko "get" ta wadatar.

Asalin kalmar ya bayyana dalili. Ta shiga Turanci wajen shekarar 1300 daga tsohon Faransanci, shi kuma ya gaje ta daga Latin, inda "pro" ke nufin a madadin wani, "curare" kuma kula da abu. Wato kula da sha'anin wani a madadinsa. Daga wannan saiwar "proxy" ta fito, da kuma "procurator", muƙamin jami'in da ke kula da dukiya da haraji a daular Rum. Har yau ƙamshin wakilcin bai bar kalmar ba, shi ya sa ta dace da aikin gwamnati da kamfanoni. A Najeriya ma sunanta ne a kan dokar sayen kayan gwamnati da ba da kwangila ta 2007, wato Public Procurement Act.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne na sunan mai aikin. Mutum ya ga "teach" ta ba da "teacher", sai ya rubuta "procurer" a takardar neman aiki, yana nufin jami'in sayo kaya. A kunnen Bature, wannan kalma kawali take fara kawowa a rai, mai haɗa maza da karuwai, ta mace kuma "procuress". Ka ga abin kunya ke nan. Sunan da ake amfani da shi shi ne "procurement officer". Haka nan a kiyayi cewa an yi "procure" na mace ko yarinya ga wani, ko da mai aikin gida ake nufi, domin ma'anar kawalcin ce za ta fito. A ce "hire" ko "find".

'Yan'uwanmu na Nijar suna da nasu tarkon. A Faransanci "procureur" shi ne mai gabatar da ƙara a kotu, kuma mutumin Maraɗi ko Damagaram da ya saba da ita zai iya juya ta kai tsaye ya kira lauyan gwamnati mai gabatar da ƙara "procurer". Turancinsa "prosecutor" ne. Sai dai a Sikotilan har yanzu "procurator fiscal" suke kiran mai wannan aiki.

Sauran ƙanana ne. Ba a sa "for" tsakaninta da abin da aka samo: "procure a generator" ake cewa, ba "procure for a generator" ba, sai in ana ambaton wanda aka samo wa, kamar "procure drugs for the clinic". Wajen rubuta "procuring" harafin e na ƙarshe faɗuwa yake. Wajen furuci kuma a gaɓa ta biyu ake danna murya, kamar ana faɗin "cure" da ɗan gajeren "pro" a gabanta.

Ƙanen nawa dai ya goge ya sa "bought", yana ta gunagunin wai na rage wa rahotonsa kwarjini.