Yadda za ka rage kuɗin wuta a gidanka a Katsina: fara da sanin nawa kake sayen yunit ɗaya

Jama'a tun da aka ƙara kuɗin wuta ko'ina ka zauna a Katsina maganar kenan, wai kati ba ya jimawa, ka loda na dubu goma yau kafin sati ya zagayo mita ta fara kuka. Wani ɗan'uwanmu da ke Ingila ya ce min ai su can idan kamfani ya yi tsada sai kawai ka koma wani, na ce to mu nan ba haka abin yake ba. Tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013 ƙasar nan aka kasa ta gida 11, mu Katsina da Kano da Jigawa KEDCO ce ke ba mu, babu wani na biyu da za ka gudu wajensa. Amma duk da haka akwai abin gwadawa, domin kusan kowane gida wuta uku yake saye, ta NEPA, ta janareto, wani kuma har da sola, kuma yawancinmu ba mu taɓa zama mun lissafa wacce ta fi cin aljihu ba.

Abu na farko ka san rukunin da layinku yake. Hukumar NERC mai sa ido kan harkar wutar lantarki a ƙasar nan ta raba masu shan wuta biyar gwargwadon awannin da ya kamata su samu a rana: Band A awa 20 zuwa sama, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilun 2024 ne aka ɗaga na Band A zuwa naira 225 kan yunit, daga baya aka sauko da shi 206.80, a Yuli ya koma 209.50, sauran rukunan kuwa ba a yi musu wannan tsallen ba. Kuma ba unguwa ake dubawa ba, fidar da taransfomarku ke kai, wato babban layin da ke kawo mata wuta, ake dubawa, shi ya sa za ka ga layi biyu a unguwa ɗaya kuɗinsu ya sha bamban.

Ba sai ka tambayi kowa ba. Ɗauko risit ɗin katin da ka saya na ƙarshe, ka raba kuɗin da ka biya da yawan yunit ɗin da aka ba ka. A farashin 209.50 idan aka ɗora harajin VAT na kashi 7.5, dubu goma za ta ba ka yunit 44 da 'yan kai. In ka ga abin da aka ba ka ya yi ƙasa da lissafin rukuninku to duba da kyau, sau da yawa tsohon bashi ne ake cirewa a hankali, wani lokacin ma na wanda ya zauna a gidan kafin kai ne, don haka mai shiga gidan haya dan Allah ka bincika bashin mita tun kafin ka biya kuɗin shekara.

Daga nan ka samo ɗan littafi ka riƙa rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke, ko sati biyu ne. Na san da gajiya, ni yarana na sa suna rubutawa a bayan kalanda. Amfaninsa shi ne idan ana cajinku kuɗin Band A alhali ba ku samun awa 20 ɗin, kuna da hujjar kai ƙorafi a rubuce ofishin kamfanin, ka karɓi shaidar cewa ka kai, in ba a warware ba akwai ofishin sauraron koke na NERC da ake ɗaukaka magana. Kuma in mutanen layi suka haɗu suka sa hannu a takarda ɗaya ya fi a ce mutum ɗaya ne ke ta zarya.

Wanda har yanzu bil ɗin ƙiyasi ake kawo masa, wallahi shawarata ya nemi mitar kati ko da zai matse wani wajen. A ƙarƙashin tsarin MAP, wato na kamfanonin da aka amince su samar da mita, kana iya biyan kuɗin mita, kuma ƙa'ida ita ce a maido maka da kuɗin sannu a hankali ta hanyar yunit. Kafin ta samu, ka sani tun 2020 NERC ta sa iyaka kan yawan yunit ɗin da za a ƙiyasta wa wanda ba shi da mita.

Yanzu janareto. Nan ne mutane ke ruɗin kansu, don ana sayen mai lita-lita ba a jin zafinsa lokaci guda. A ce ƙaramin injinka yana shan lita ɗaya cikin awa biyu, kana jan fanka biyu da talabijin da ƙwai da cajin waya, duka wat 500. Wat 500 sau awa biyu yunit ɗaya kenan cif. Ka ga kuɗin litar fetur guda shi ne kuɗin yunit ɗinka, ban da baƙin mai da kuɗin mai gyara. Ko Band A ɗin da muke kuka da shi bai kama ƙafar wannan ba. Saboda haka duk aiki mai nauyi, guga, jan ruwan bohol zuwa tanki, ƙanƙarar firiza, a yi shi lokacin da akwai wuta, inji a bar shi don fanka da haske kawai.

Sola kuwa kuɗinta a farko yake, kuma rana dai Allah Ya hore mana ita a Katsina. Ba sai ka haɗa ta miliyoyi ba, ƙaramar da za ta riƙe fanka da ƙwai da daddare ta isa ta raba ka da sayen mai kullum. Ka dai tambayi shekarun da batirin zai yi kafin ka biya, don shi ke fara mutuwa, kuma lokacin hunturu a riƙa goge ƙurar da ke kan farantan.

Sai ɓarayin cikin gida. Lissafin ɗaya ne, wat sau awa a raba da 1000. Tsohon ƙwai mai wat 60 in yana kunne awa 10 kullum, yunit 18 yake sha a wata, na LED mai wat 9 kuwa bai kai 3 ba, to ka ƙirga ƙwai nawa ne a gidanka har da na zaure da ke kwana a kunne. Amma manyan su ne masu zafi: hita, dutsen guga, risho na lantarki, kowanne wat 1000 ko fiye. Akwai lokacin da muke mita ɗaya da wasu maƙwabta a gidan haya, kati na ta ƙarewa ana ta zargin juna har gaisuwa ta fara sanyi, ashe hita ce ake jefawa a bokiti kullum da asuba lokacin sanyi, a manta da ita har ruwan ya tafasa. Da muka gano sai kowa ya sa ƙaramar mitarsa ta ɗaki, rigima ta mutu.

In kana so ka kama naka ɓarawon, kashe komai na gidan, ka duba yunit ɗin da ke kan mita, ka kunna abu ɗaya tak na awa guda sannan ka sake dubawa. Ka fara da firiza, musamman in robar ƙofarta ta saki.