Yadda ake saita tsohon katin intanet na Realtek RTL8139 a Windows XP

Masu kula da tsofaffin kwamfutoci sun yi ta tambayata kan wannan katin. Ga yadda ake yi.

1. Kashe kwamfutar, ka zare wayar wuta, ka buɗe akwatinta.
2. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka ɗauki katin, don wutar jikinka kan lalata shi.
3. Goge haƙoran zinariyar da ke ƙasansa da robar goge fensir. Ƙura da datti kaɗai sukan hana shi aiki.
4. Danna shi cikin farin ramin PCI har ya zauna daram.

Hattara: idan gefe ɗaya ya ɗaga ko da kaɗan, kwamfutar ba za ta gan shi ba. Nan aka fi yin kuskure.

5. Kunna kwamfutar, ka danna Start, ka shiga Run, ka rubuta devmgmt.msc don buɗe jerin na'urorin kwamfutar.
6. Ka ga alamar tambaya mai ruwan ɗorawa? Direba, wato manhajar da ke sa Windows ta yi aiki da katin, bai hau ba.
7. Danna na'urar mai alamar sau biyu, ka buɗe shafin Details, ka nemi lambar katin, wato VEN_10EC&DEV_8139.

Kada ka biye wa sunan da ke kan kwali. Kamfanoni da yawa sun sayar da wannan katin da sunansu, lambar ce ke faɗin gaskiya.

8. Danna Update Driver, ka nuna masa inda direban yake.
9. Jona wayar intanet, ka duba ko fitilar bayan katin ta kama.
10. Rubuta cmd a Run, sannan ka rubuta ipconfig don ganin adireshin IP na katin.

In adireshin ya fara da 169.254, katin bai samu adireshi daga rauta (na'urar da ke raba intanet) ba. Fara da canza waya kafin ka taɓa direba.