Babi na Bakwai: Awon Lakar Tafki

Iyayena da 'yan uwana, sannunku da ƙoƙari. Kowa ya san tafkin da a da yake riƙe ruwa har tsakiyar rani, yanzu kafin a gama sussukar gero ya ƙafe. Laka ce ta cike shi, lakar nan kuwa ƙasar gonakinmu ce, ruwan Agusta ya kwaso ya zube a can. Irinta ce take toshe hanyoyin ruwa a wajen Haɗeja, ciyawar kachalla ta samu wurin zama. To bari mu auna mu gani.

Darasi na 1: Kayan aiki

Gora doguwa miƙaƙƙiya, tsumma guda biyu, biro da littafi, sai tef ɗin tela. Tef ɗin nan fuska biyu gare shi, wadda ta ƙare a 60 inci ce, ba ruwanmu da ita, ku juya wadda ta kai 150, ita ce santimita. A yi aikin lokacin da ruwa ya ja baya, kafin ya ƙafe. Kar a zaɓi kududdufin da ake ɗiban ƙasar gini, awonsa ƙarya zai ba ku. Yara kuma su tsaya a bakin gaɓa, akwai tsargiya.

Darasi na 2: Tsumma biyu

Nan ne ake faɗuwa, don haka a natsu. Ka sa gora a ruwa a tsaye, a hankali kamar mai taɓa ƙwai, da ka ji ta taɓa abu mai laushi ka tsaya, ka ɗaura tsumma na farko daidai inda ruwa ya tsaya a jikinta. Sannan ka danna da ƙarfinka har ta ƙi tafiya, ta iske ƙasa mai tauri kenan, ka ɗaura tsumma na biyu daidai bakin ruwa.

Fito da gorar. Tsakanin tsumma da tsumma za ka auna, shi ne kaurin laka. Ba daga gindin gora ba. Tsakanin tsumma da tsumma. In ka auna daga gindi ka haɗa har da zurfin ruwa, mu kuwa laka muke nema. Kar ka ji kunya in ka ɓata, ni ma na ɓata da farko, ka matsa gefe ka sake. A ina ake aunawa? Ku faɗa da baki: tsakanin tsumma da tsumma.

Bara wani dattijo ya kawo min 140, wai laka ce, ya rantse, ashe tef ɗin daga gindi ya ɗora. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Wanda yake hira a baya lokacin bayani, don Allah kar ya zo min da lissafin banza gobe. Tsumma zuwa tsumma.

Darasi na 3: Tsaka-tsaki

Wuri ɗaya ba ya isa, laka ta fi taruwa a mashigar ruwa da tsakiya. Auna wuri 10, rubuta kowanne nan take, haɗa su, raba gida 10. Misali jimla 100, tsaka-tsaki santimita 10.

Darasi na 4: Yawan lakar

Tafki mai tsawon mita 30, faɗi 20, ka ninka, 600. Santimita 10 ɗaya bisa goman mita ce, 600 raba gida 10, 60 kenan, mita kubik. Kubik ɗaya lita 1,000 ne, wato jarkar nan mai lita 25 guda 40. In shekara 5 kenan da yashe tafkin, kubik 12 duk shekara.

Darasi na 5

Raba 12 da yawan hektar da ruwanta ke gangarowa tafkin. In 6 ce, kowace hekta ta rasa kubik 2 na ƙasa duk shekara, jarka 80. Ƙiyasi ne, don wata lakar ta bi ambaliya ta wuce.

Darasi na 6

Je ka auna naku tafkin. A zo da littafi ranar Asabar.