Yadda ake tono tsohon hoton gida a mai da shi labari

Kusan duk gidan da ka shiga akwai wata tsohuwar akwati ko adaka a ƙarƙashin gadon Hajiya, ciki akwai hotuna baƙi da fari da gara ta fara lasa, kowa ya san suna nan amma ba mai taɓawa sai ranar rabon gado. To ga yadda ni nake yi da su, kuma waya kawai nake amfani da ita.

Da farko ka nemi izini, kar ka je ka kwaso kamar kayanka. In kakarka ce ai da sauƙi, ɗan wasan jika da kaka da goro biyu sun isa ta buɗe maka. Ka wanke hannu ya bushe sosai, ka riƙe hoton ta gefe. Wanda ya manne da gilashin firem ko da ledar albam ka bar shi yadda yake, in ka ce sai ka ɓamɓaro wallahi fuskar mutumin za ta biyo gilashin, ni na taɓa yin wannan ɓarnar da hoton auren gwaggona har yau ban daina jin haushin kaina ba. Laminatin ma kar ka kai, zafin injin da gam ɗin suna kama hoton ne ba mai iya raba su kuma.

Na biyu ɗauka. Ka shimfiɗa shi kan farar takarda a inuwa, bakin zaure ko kusa da taga da hantsi, ka kashe filasha don ƙyalli take sawa, ka goge idon kyamarar da gefen riga, wayar ta tsaya sambal a saman hoton ba a karkace ba. Ka juya ka ɗauki bayan ma, nan ne ake samun hatimin sutudiyo ko rubutun biro, wani lokacin har da ajami.

Na uku shi ne aikin gaba ɗaya, kuma shi mutane suke tsallakewa. Ka zauna da tsohuwa, ka kunna rikodin a waya, ka miƙa mata hoton ka yi shiru. Kar ka tambaye ta shekara nawa, ba za ta ce maka 1974 ba, cewa za ta yi lokacin ina goyon babanka, ko shekarar da aka yi fari, ko bayan ƙarin albashin Udoji da Malam ya sayi babur. Kai ne za ka je ka yi lissafi. Hoton kansa yana ba da satar amsa: in akwai titi a ciki motoci na bin hagu, to kafin canjin hannu ne na 1972, in ta ce sule biyu aka biya mai hoto, naira ba ta zo ba ke nan ko ba ta daɗe da zuwa ba, don ita a 1973 ta fito. Ka tambaye ta agogon da ke hannun mutumin nasa ne? Sau da yawa dariya za ta yi ta ce na aro ne. Haka ake yi a da, Seydou Keita da ya buɗe sutudiyo a Bamako a 1948 yana ajiye rediyo da agogo da babur don masu zuwa su fito da su, yau ga hotunan nasa can a manyan gidajen nuni na Turai da Amurka. Kitson da ke kanta a hoton ma ka tambayi sunansa, wani mai ɗaukar hoto ɗan Najeriya, Ojeikere, tun 1968 ya bi kitson matan Najeriya yana ɗauka har ya tara wajen dubu, wasu yanzu ba mai yin su.

Na huɗu ka je inda aka ɗauki hoton in a waje ne, ka tsaya daidai inda mai hoton ya tsaya, ka nemi abu ɗaya da bai canza ba, hasumiyar masallaci ko tsamiya ko kwanar layi, ka daidaita da shi, kuma ka kula da inuwa, in ta yi tsawo a tsohon to da yamma ko da sassafe za ka je. A Kano wani wurin kamar Ƙofar Nasarawa sai ka sha wuya saboda gadar sama ta cinye wajen, amma hakan ma labari ne. In da hali ka sa jikan wanda ke cikin hoton ya tsaya yadda kakansa ya tsaya, ko ya riƙe tsohon hoton a ƙirji.

Sai jerawa. Hoto biyar ko shida sun isa, tsohon, bayansa, hannun Hajiya riƙe da shi, sannan wurin a yau. A ƙasan kowanne ka sa maganarta yadda ta faɗa, kar ka gyara mata Hausa. Kafin ka ɗora a Facebook ko Instagram ka tura wa manyan gida su gani, musamman in matar wani ce a ciki ko mamaci, wanda suka ce a'a ka bar shi a waya. Sauran ka kai a wanke maka kwafi biyu, ɗaya ka mayar wa Hajiya tare da na asalin cikin ambulan ɗin takarda, ba leda ba, don leda na tara damshi da damina.